Hanyoyin karɓar jinga ta intanet: wacce ce ke riƙe amanar ɗalibi da lokacin malami?

Ba da aiki ba shi da wahala. Malami ya rubuta tambaya, ya faɗi ranar kawowa, magana ta ƙare. Wahalar tana wajen karɓa, kuma ba a cika lura da ita ba domin takarda ta daɗe tana ɗauke mana nauyinta. Littattafai suna taruwa a kan tebur ɗaya, sunan kowa yana bangon littafinsa, wanda bai kawo ba ana ganinsa nan take, kuma gyaran da malami ya yi da jan biro yana komawa hannun mai shi a cikin littafin nan dai. Da aikin ya koma fayil, duk waɗannan abubuwa suka warwatse. Yanzu sai malami ya zauna da kansa ya tsara inda aiki zai sauka, yadda za a gane mai shi, abin da zai zama shaidar cewa ya iso a kan lokaci, da hanyar da gyara zai koma.

A 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, hukumar UNESCO ta ce abin ya shafi ɗalibai fiye da biliyan 1.5 a duniya. Malamai sun kama duk abin da hannunsu ya kai gare shi, kuma ba laifinsu ba ne, lokacin zaɓe bai samu ba. Sai dai da yawa daga cikin hanyoyin da aka kama cikin gaggawa su ne suka zauna har yau ba tare da an sake duba su ba. Shi ya sa har yanzu ake jin muhawarar nan da ba ta da alƙali: ɗalibi yana cewa "Malam, wallahi na tura," malami yana cewa "Ni dai ban gani ba." Sau da yawa dukansu gaskiya suke faɗa. Hanyar ce ba ta bar wa kowa hujja ba.

Imel shi ne abin da ya fara zuwa zuciya, domin kusan kowa yana da shi kuma ba sai an koyar da kowa ba. Yana da amfani guda wanda ba a raina shi: kowane saƙo yana ɗauke da rana da lokaci, kuma kwafinsa yana nan a wajen wanda ya tura. Ga malamin da ke duba kundin ɗalibai biyar ko goma, imel ya wadatar. Amma a yi lissafi da malamin da ke da azuzuwa biyar, kowanne da ɗalibai 40. Mutum 200 ke nan. In yana ba da aiki biyu a mako, fayil 400 ne za su shigo. Ko da rabin minti kawai zai ɓata a kan kowanne wajen buɗe saƙo, sauke fayil, gyara sunansa da sa alama a rajista, ya ci minti 200, wato fiye da awa uku a mako, kuma bai karanta layi ɗaya na aikin ba tukuna. Ga kuma sauran matsaloli. Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce megabait 25 a liƙe da saƙo, don haka bidiyo ko tarin hotuna sai su koma mahaɗi. Wani saƙon yakan faɗa akwatin shara ba tare da kowa ya sani ba. Adireshin ɗalibi sau da yawa laƙabi ne da lambobi, ba sunan da ke rajista ba. Sannan fayil 30 za su iso dukansu da suna iri ɗaya. Babban gibin imel shi ne yana nuna maka wanda ya kawo, amma ba ya nuna maka wanda bai kawo ba, alhali shi ne ɗalibin da ya fi buƙatar a lura da shi.

Sai manhajojin hira irin WhatsApp da Telegram. A nan ina so in yi adalci, domin akwai masu yi wa malamin da ke amfani da su kallon wanda bai waye ba, kuma wannan kuskure ne. WhatsApp yana aiki a waya mai arha, yana jure raunin sabis, yana ci gaba da ƙoƙarin tura saƙo har ya tafi, kuma ɗalibi ba ya buƙatar sabuwar kalmar sirri. Ga ɗalibin da wayar gidansu ɗaya ce, wata rana wannan ce kaɗai hanyar da aikinsa zai kai. Duk da haka illolinta manya ne. Hoton da aka tura a matsayin hoto ana matse shi don ya yi sauƙi, sai rubutun hannu ya dushe, alamar lissafi ta ɓace. In an tura a zauren aji, kowa ya ga amsar wanda ya riga, kuma kowa ya ga kuskuren mai rauni, abin da kan sa wasu yara su daina turawa gaba ɗaya don kunya. Lambar wayar kowa tana bayyane. Aikin yana cakuɗe da gaisuwa da tambayoyi da saƙonnin murya. In wayar malami ta ɓace ko ta lalace ba tare da ajiya ba, aikin zango guda ya tafi. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne hira ta keɓe tsakanin babba da ƙaramin yaro a lambar kansa, da dare, ba tare da makaranta ko iyaye suna gani ba. Wannan bai dace ba ko da niyyar kowa tsarkakakkiya ce, kuma yana jefa malamin kirki cikin zargin da ba shi da hanyar wanke kansa. Ƙa'idojin WhatsApp da kansu sun sa shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun mai amfani. In dole ta sa sai da shi, to a tura aiki a matsayin takarda domin kada a matse shi, a yi amfani da lambar aiki wadda hukumar makaranta ta sani, a bi ta hannun iyaye ga ƙananan yara, kuma malami ya riƙa kwashe fayilolin zuwa wata ma'ajiya duk mako.

Mataki na gaba da mutane kan ɗauka shi ne buɗe folda ɗaya a Google Drive ko OneDrive, a ba dukan aji izinin zuba aiki a ciki. A ido abin yana da kyau, komai a wuri ɗaya. Amma izinin da ya ba ɗalibi damar sa fayil yawanci shi ne ya ba shi damar buɗe na wasu, kwafarsu, har ma da motsa su ko cire su. Ba sai da mugunta ba, yatsa kan zame. Gyaran wannan shi ne abin da Dropbox da OneDrive na makarantu suke da shi na neman fayil: malami ya ƙirƙiri mahaɗi, ɗalibi ya danna ya ɗora aikinsa, fayil ya faɗa foldar malami, kuma ɗalibi ba ya ganin komai na kowa. A Dropbox mai turawa ba ya ma buƙatar asusu. Wannan ya magance leƙe da gogewa, amma bai magance maganar komawar gyara ba. Sai malami ya nemi wata hanya daban ya mayar da maki da sharhi.

Google Forms ya ɗan ɗara haka, kuma a ganina shi ne mafi kyawun abin da malami shi kaɗai zai iya haɗawa cikin minti goma ba tare da jiran makaranta ba. Ana sa gurbin suna, lambar rajista, aji, sannan gurbin ɗora fayil. Kowace amsa tana shiga jadawali da ranarta da lokacinta, kuma ana iya saita fom ɗin ya aika wa ɗalibi kwafin abin da ya cike, wanda shi ne rasidinsa. Ana iya ƙayyade irin fayil ɗin da za a karɓa da girmansa. Abubuwa biyu ne ke tuntuɓe da mutane a nan. Na farko, muddin akwai gurbin ɗora fayil, dole ɗalibi ya shiga da asusun Google. Na biyu, fayilolin suna cin ma'ajiyar mai fom ɗin, kuma asusun kyauta gigabait 15 ne kawai, wanda Gmail da Drive da hotuna ke rabawa. Ranar da ma'ajiya ta cika, fom ya daina karɓa, kuma galibi a daren wa'adi ne hakan ke faruwa, lokacin da kowa ke turawa.

Manhajojin da aka gina don aji

Akwai kuma manhajojin da tun asali don wannan aiki aka yi su. Moodle, wadda Martin Dougiamas ɗan ƙasar Ostireliya ya fitar a 2002, kyauta ce kuma kowa na iya ɗaukarta ya girka. Canvas ta fito a 2011, Google Classroom a 2014, Microsoft Teams kuma a 2017 da ɓangarenta na ayyukan aji. Bambancinsu da duk abin da aka ambata a baya shi ne sun san jerin sunayen ajin. Saboda haka da malami ya buɗe shafin aiki zai ga wanda ya kawo, wanda ya makara, da wanda bai kawo ba, ba tare da ya ƙirga komai ba. Maki da sharhi suna komawa ga mai su shi kaɗai, a daidai inda ya ajiye aikin.

Yana da kyau a fahimci yadda suke aiki a ciki, domin nan ne rikici kan ɓuya. A Google Classroom malami na iya liƙa takarda ya zaɓi a yi wa kowane ɗalibi kwafinsa. Kowa zai samu tasa da sunansa a kai, kuma malami na iya leƙa ta tun ana kan rubutu. Idan ɗalibi ya danna maɓallin miƙawa, ikon gyara takardar ya fita daga hannunsa har sai malami ya mayar masa ko shi ya janye miƙawar, kuma janyewar tana barin alama. Wannan shi ne abin da ke hana a gyara aiki a ɓoye bayan wa'adi. Amma ɗalibai da yawa suna liƙa fayil su fita, suna zaton sun gama, alhali ba su danna miƙawa ba. A Moodle ma akwai irin wannan: in malami ya saita cewa sai an danna maɓallin tabbatarwa, aikin da aka ɗora ba a tabbatar ba yana zama a matsayin daftari. Ɗalibin ya yi aikinsa, ya ɗora shi, amma manhaja tana cewa bai miƙa ba. Malamin da bai san wannan ba zai hukunta yaro a kan maɓalli.

Moodle tana da wani tsari da nake ganin ya kamata kowane malami ya ara ko da ba ita yake amfani da ita ba. Ta raba ranar wa'adi da ranar rufewa. Bayan wa'adi ana ci gaba da karɓa amma da alamar makara, sai ranar rufewa ce ƙofa ke kullewa. Tazarar da ke tsakani ita ce ke ceton wanda wuta ta ɗauke masa ko sabis ya yanke a minti na ƙarshe, kuma ba ta hana malami sanin wanda ya saba makara. Tana kuma da damar ɓoye sunayen ɗalibai lokacin ba da maki, abin da ke taimaka wa malami ya auna aikin da ke gabansa, ya manta da fuskar mai shi.

Waɗannan manhajoji ba su zo ba tare da nauyi ba. Moodle kyauta ce, amma tana buƙatar babbar kwamfutar da za ta zauna a kai da mutumin da zai riƙa kula da ita, yana sabunta ta yana ajiye kwafin bayanai. Sauran kuma suna hannun kamfanoni, kuma kamfani na iya sauya ra'ayi. Edmodo, wadda malamai da yawa a ƙasashe daban-daban suka dogara da ita shekara da shekaru, ta rufe a watan Satumba na 2022. Wanda bai kwashe kayansa kafin ranar ba, ya rasa su.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: in makaranta tana da irin wannan manhaja kuma ɗalibai na iya shiga, a yi amfani da ita, kuma duk malaman makarantar su yi amfani da ita ɗin. Ɗalibin da ke da malamai takwas, kowanne da hanyarsa, wannan imel, wancan WhatsApp, wancan fom, zai ɓata ƙarfinsa wajen tuna inda zai kai aiki maimakon yin aikin. In babu, fom mai rasidi ya fi imel, imel kuma ya fi zauren hira. Amma kowace aka zaɓa, a auna ta da ɗalibin da ya fi kowa ƙarancin kayan aiki a ajin, kada a auna ta da kwamfutar malami.

Fayil ɗin kansa

Ana iya samun hanya mai kyau, aiki ya iso, amma ya ƙi buɗuwa. A watan Mayu na 2020, lokacin da hukumar College Board ta Amurka ta gudanar da jarrabawarta ta AP, wadda ɗaliban sakandare ke zama a kan darussan matakin jami'a, ta intanet, wasu ɗalibai sun ɗauki hoton amsoshinsu da iPhone sun yi ƙoƙarin ɗorawa, shafin ya ƙi karɓa. Dalili shi ne tun 2017 wayoyin iPhone ke ajiye hoto a tsarin HEIC, shafin kuwa bai karɓi wannan tsari ba. Lokaci ya ƙure musu, wasu sai da suka sake zama jarrabawar. Ba su kasa amsa tambaya ba, tsarin hoto ne ya kayar da su. In hakan ta faru da babbar hukuma mai ma'aikatan fasaha, to a ajin kowa ma tana iya faruwa.

Don haka a faɗi irin fayil ɗin da ake so tun a cikin tambayar. Ga rubutun da aka kammala, PDF ya fi kwanciyar hankali, domin kamanninsa ba ya sauyawa daga na'ura zuwa na'ura. Ga aikin da aka rubuta da hannu, kamar lissafi ko zane, a koya wa ɗalibai haɗa shafukan a PDF ɗaya a jere. Manhajar Google Drive a waya tana yin wannan, haka ma manhajar rubutu ta iPhone. Hotuna bakwai a warwatse, wani a kwance wani a kife, suna cinye lokacin malami fiye da yadda ake zato. A kuma tsayar da salon suna ɗaya, misali lambar rajista, sunan ɗalibi, lambar aiki.

Tura mahaɗi maimakon fayil yana da tarko biyu. Ɗalibi kan manta ya buɗe izini, malami ya danna ya tarar an hana shi shiga. Sannan takardar da ke bayan mahaɗi tana raye, mai ita na iya ci gaba da gyara ta bayan wa'adi. Tarihin gyare-gyare na Google Docs yana nuna abin da aka sauya da lokacin da aka sauya shi, amma sai wanda ke da izinin gyara ne ke ganinsa, kuma ba malamin da zai iya bin tarihin takarda 200.

Maganin yawancin wannan abu ɗaya ne mai arha: a makon farko a ba da aikin gwaji wanda ba shi da maki. Kowa ya rubuta sunansa a takarda, ya ɗauki hoto, ya mayar PDF, ya miƙa, ya ga rasidinsa. Duk wanda zai maƙale zai maƙale a ranar da ba abin da zai rasa, kuma malami zai san tun da wuri su wa ke buƙatar wata hanya.

Wata hanyar kuwa dole ce a tanade ta, a kuma rubuta ta tun farko: in manhaja ta ƙi, ɗalibi ya ɗauki hoton fuskar wayarsa da ke nuna matsalar, ya tura aikin ta adireshi kaza kafin wa'adi, sannan ya ɗora a inda aka saba idan abu ya daidaita. Inda intanet ba ta da tabbas sam, filashi yana aiki, sai dai yana yawo da cutar kwamfuta daga na'ura zuwa na'ura, kuma ba ya barin shaidar lokaci. Akwai makarantun da ke girka Moodle a ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi, ta riƙa watsa sabis ɗinta a cikin aji, ɗalibai su haɗa wayoyinsu su miƙa aiki ba tare da data ba. Manhajar Moodle ta waya ma tana barin ɗalibi ya shirya aikinsa ba sabis, ya tafi idan sabis ya dawo.

Maganar kwafe da ƙirƙirarriyar basira

Ba a rabuwa da wannan tambaya idan ana zancen karɓar aiki, domin manhajoji da yawa suna haɗe da na'urar binciken kwafe irin Turnitin. Abin da ya kamata a riƙe shi ne, adadin da take bayarwa na kamanceceniya ne tsakanin rubutun ɗalibi da wasu rubuce-rubuce. Ambaton da aka yi bisa ƙa'ida da jerin manazarta duk suna iya ɗaga adadin. Hukunci na malami ne bayan ya karanta. Game da gano rubutun ƙirƙirarriyar basira kuwa, abin ya fi rauni. ChatGPT ya fito a ƙarshen Nuwamba 2022, kuma kamfanin OpenAI da ya yi shi ya janye tasa manhajar ganowa a Yuli 2023 saboda ƙarancin daidaito. Jami'ar Vanderbilt ta Amurka ta kashe ɓangaren gano irin wannan rubutu na Turnitin a Agusta 2023, tana mai nuna damuwa kan zargin ɗaliban da ba su yi laifi ba. Zargin ɗalibi da ha'inci abu ne mai nauyi, bai kamata ya rataya a kan adadin da ba wanda zai iya bayyana yadda aka same shi ba.

Yadda ake karɓar aikin ya fi na'urar bincike amfani a nan. In babban aiki ne, a karɓe shi kashi-kashi: jigo da tsari a mako na farko, daftari a na biyu, kammalalle a ƙarshe, duk a wuri ɗaya. Malami zai ga yadda tunanin ya girma, zai iya gyara tun da sauran lokaci, kuma tambayoyi biyu baki da baki a kan daftarin sun isa su nuna ko ɗalibi ya san abin da ya rubuta.

Saura abin da ke faruwa da fayilolin bayan an ba da maki. Aikin ɗalibi yana ɗauke da sunansa, makinsa, wani lokaci muryarsa ko fuskarsa, wani lokaci labarin gidansu da ya rubuta a insha'i. Ƙasashe da dama suna da doka a kan wannan: Amurka tana da FERPA tun 1974 a kan bayanan karatun ɗalibai, Tarayyar Turai kuma ta fara aiki da GDPR, dokar kare bayanan mutane, a watan Mayu na 2018. Ko ina malami yake, ya kamata ya san abin da dokar ƙasarsa da ƙa'idar makarantarsa suka ce kafin ya sa yara su buɗe asusu a wata manhaja. Asusun makaranta ya fi asusun kansa dacewa da wannan ajiya, domin in ya bar aiki, bayanan yara ba za su bi shi ba. A ƙarshen kowane zango ya sauke maki da ayyukan da ake buƙata don ƙorafi ko bita, ya ajiye su inda makaranta ta amince, ya sanar da ɗalibai su kwashe nasu kwafin kafin a rufe ajin, sannan ya goge abin da ya rage a wayarsa da kwamfutarsa idan lokacin da makaranta ta ƙayyade na ajiya ya cika.